Tagwayen Adudun Yalwa

Ran da muka buɗe adudun Yalwa,
kwana arba'in da kai ta makwanci,
can ƙasan saƙi, bayan tandun kwalli,
na taras da tsumma mai ƙulli bakwai.
Na kwance da haƙori.
Tsaba biyu, kowacce da huda a ka,
kowacce da fuskar wani mutum
da bai taɓa shan ruwan Kubanni ba.

Na kai su rumfar Jatau a Tudun Wada.
Ya goga ta fari a baƙin dutse, ya yi tsit.
Ya goga ta biyu, ya tuntsire da dariya:
"Waccan zinariya ce, ɗiyar halak.
Wannan tagulla ce da kayan aro,
wani maƙerin farfaru ya yi mata wanka."
Na ji kunya ta kama ni
kamar ni aka kama da jabu a kasuwa.

A Samaru wata malama, Sa'ade,
ta shimfiɗa su a kan farin ƙyalle,
ta sunkuya da madubi, har shayinta ya huce.
Ta ce ta farin a ƙetaren teku aka buga ta,
ƙasar Rum, inda sarki ke sa fuskarsa a kuɗi.
Ta yaya ta zo? Ta ɗaga kafaɗa.
Wataƙila a ɗamarar madugu,
daga Gadamas zuwa Agadas, daga rijiya zuwa rijiya.
Wataƙila alhajin ƙafa ya biyo da ita ta Masar.
Wataƙila kuma shekaranjiya ta sauka a jirgi.
Zinariya ba ta tsufa,
don haka ba ta iya ba da shaida.

"Amma dubi wannan," in ji ta.
Na duba.
Haruffan baƙi sun juya baya,
don wanda ya zana su bai san karatu ba ne,
ya ɗauka ado ne, irin na wuyan riga,
har ya ƙara biyu inda ya ga fili.
Hancin sarkin ya faɗaɗa.
A gefen bakinsa, tsaga uku-uku,
aikin wanzami, ba na Rum ba.
Har ɗan tabon da ke kuncin ta asalin
ya kwaikwaya, bai bar shi ba.

Ashe wani ya zauna a wata maƙera,
ko a Kwarbai, ko bayan Ƙofar Gayan,
da baƙuwa a tafin hannunsa na hagu,
yana kallo, yana hura zugazugi,
har ya ga mutumin nan ya daɗe a gari,
ya kamata a yi masa aska.
Baƙo kan wuce ba a sani ba.
Wanda aka kwaikwayi tafiyarsa, ya kwana.

Yalwa ba ta taɓa bambanta su ba.
Zare guda ta zura musu,
ranar suna su fito, da dare su koma.
In sun haɗu a ƙirjinta sukan yi ƙara,
ɗaya siririya, ɗaya mai kauri,
kamar masu ciniki ba tafinta.

Da aka zo rabon gado
aka ɗora zinariyar a sikeli,
aka buga lissafi, aka kasa kashi tara.
Jatau ya ce gobe za ta bi wani ɗan kasuwa,
can gabas, inda ake narkarwa.
Matafiyi dai matafiyi ne.
Ta tagullar ba wanda ya sa ta a lissafi.
Na miƙa hannu, ba wanda ya kalle ni.

Ga ta nan a aljihuna.
Wankan ya koɗe a goshi da haɓa,
ja ya fito, irin jan ganuwarmu bayan ruwa.
Da yamma, in na biyo ta Ƙofar Doka,
nakan shafa tsagar nan da babban yatsa,
uku a dama, uku a hagu,
in ce: sannu, mutumin Rum,
yaya gida?